Tsatsa Biyu a Rufin Motar Baba

Kunigami,
Watan Goma.

Zuwa ga Yayana Seishin,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga ƙanwarka Michiyo. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fumie da yara, kuma ciwon bayan nan da kake ɓoye mana ya yi sauƙi. Kada ka tambaye ni wanda ya faɗa mini, matarka ta fi ka faɗin gaskiya. Kullum da safe idan Inna ta kunna turare a gaban allunan kakanni, sunanka take fara ambata kafin nawa, alhali kuwa ni ce mai miƙo mata ashana. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka da sanyin Asahikawa, ya sa albarka a aikinka da zuriyarka. Na ji an ce ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsunku. Mu nan har yanzu da fanka muke kwana.

Mutanen gida duk lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwar hagu da take kuka da ita idan hadari ya haɗo, kuma har gobe ba ta yarda wani ya ɗanɗana mata ruwan awara. Maigidana Choei ya samu lemun tsami sosai bana, rassa har ƙasa, ya cika gidan da kwanduna har ba wurin taka ƙafa. Zan aiko muku da kwali guda, ka ce wa Fumie ta matse ta adana a firji. 'Yata Asami tana Naha tana aikin jinya, ta rame, ta ce aiki ne, ni kuwa na ce akwai dai wanda yake hana ta barci, amma ba a yi mini bayani ba tukuna. Guguwar watan jiya ta tafi da rufin rumfar kajin maƙwabta, ta kwantar da ayabarmu guda biyu, ban da wannan ba mu yi asarar komai ba.

To Yaya, gyara zama, domin ba don gaisuwa kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Da ta waya na faɗa maka, da ka katse ni kamar yadda ka saba, shi ya sa na zaɓi takarda, ita ba a ce mata dakata tukuna. Ka tuna ranar da muka taru don cikar Baba shekara bakwai da rasuwa. Bayan baƙi sun watse ka zaunar da mu, ka ce Inna ta tsufa da sammako da tsayuwa gaban tukunya, a rufe rumfar awara ta huta. Inna ta ce ranar da ta huta ranar za a fara yi mata shirin kabari. Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce, daga ƙarshe kai da bakinka ka yanke magana: muddin akori-kurar Baba tana tafiya, a ci gaba da awara, ranar da ta kwanta kuwa ba a sayen wata, sai a kife tukwane. Inna ta yarda, ni ma na yarda, a gaban kakanni. Na san abin da ke ranka, ka dubi motar ka ga tsohuwa ce, ka ce ba za ta kai ko'ina ba. Ban ga laifinka ba, tausayin Inna ne ya sa ka. Amma kai ba ka ganin fuskarta idan na dawo daga ƙauyukan bakin teku da akwatuna wayam, tana tare ni tun daga ƙofa da tambayar wa ya saya, wa ya yaba, wace tsohuwa ce ba ta fito ba yau. Ran Inna a cikin motar nan yake, ni na sani.

Bara, gab da faɗuwar damina, ina tuƙi a hanyar nan mai kwana-kwana sai na ji ɗigon ruwa mai sanyi a ƙeyata. Na ɗauka gumi ne, sai na ji na biyu. Da na iso gida na jawo akwati na taka, domin ka san tsawona, rabon da in ga saman motar nan tun Baba yana raye. Yaya, ka ji abin da na gani. Tsatsa ce wuri biyu, fenti ya kumbura ya fashe. Ɗaya tana daidai saman kujerar direba, faɗinta ya kai faranti, da huda a tsakiya wadda ɗan yatsana ya shige. Ɗayar tana saman kujerar gefe, ba ta wuce tafin hannu ba. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ya riga ya bi ya jiƙa soson rufin daga ciki. Kai kuwa da labari ya kai maka, har da kiran waya da murya mai taushi, wai mota mai huda a ka ta gama yawo, wai ku a can gishirin da ake watsawa a titi saboda ƙanƙara ta ƙasa yake cin motoci, ka ga irinta da yawa, tsatsa idan ta kama ba ta saki. Ka ce in fara lallashin Inna. Na ce maka mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ka yi mini dariya. Dariyar nan na riƙe ta a raina har yau.

Washegari na kai ta Nago wurin Isamu, abokinka na firamare, wanda kuka sha dukan satar rake tare. Yanzu yana da garejin gyaran jikin mota, da tumbi, da wani gashin baki da yake murzawa kamar shi ya fara ƙirƙiro shi. Ya hau ya duba, ya ce ƙanwata kwantar da hankalinki, iskar teku ce, duk tsibirin nan wace mota ce ba ta fama, wannan aikin da ido rufe yake yinsa. Ya sa injin gurza ya cinye tsatsar har ƙarfe ya fito fes yana ƙyalli. Ya yanke wurin hudar, ya yi waldar sabon ƙarfe, ya shafa wani ruwan magani da ke mayar da ragowar tsatsa baƙa ta mutu. Sannan ya bi da jan fentin nan na ƙasa, ya cike ramuka, ya goge da samfefa, ya fesa fari, ya rufe da mai sheƙi. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Da zan tafi ya dafa rufin ya rantse a gaban ma'aikatansa, wai idan tsatsa ta dawo wurin nan kafin jikokinsa su yi aure, zai aske gashin bakinsa. Na dawo gida ina waƙa, Inna ta soya mana awara da ganye har da ƙarin nama.

Ba a gama cin lemun bara ba sai ga tsatsar ta dawo. Wuri biyun nan dai, ba gaba ba baya, babba a kaina, ƙarama a gefe. Nan fa kowa ya zama malamin tsatsa. Choei ya ce a kwaɓa farin fentin da muke shafa wa rufin siminti a malala mata, tunda gidanmu bai taɓa yoyo ba. Na ce masa mota ba soro ba ce, soro ba ya shiga rami ya girgiza, ya je ya ji da lemunsa. Wata tsohuwa cikin masu sayen awara ta ce uwarta da kitsen alade take shafe tukwanen ƙarfe, in gwada, na ce to Kaka, sai tururuwar ƙauyen nan duka ta bi ni gida. Mai gidan mai ya ce a fesa mata baƙin dankon nan mai kama da kwalta da ake fesa wa ƙarƙashin mota. Isamu ya ce a ƙasa ne yake da amfani, a sama rana za ta tsattsage shi, kuma kafin azahar ƙwaƙwalwata ta dahu. Asami ta bugo waya wai yanzu leda mai mannewa ake yayi, har da launi kala-kala. Isamu ya ce wannan kamar ɗaure miki da leda ne, waje tsaf, ciki yana ruɓa. Wani ya ce kaki, wani ya ce tamfol, wani ya ce in gina mata ɗaki. Kowa da maganinsa, babu wanda ya san ciwon.

Isamu dai ɗan halak ne, ya cika alkawari. Da na koma na same shi leɓe tas, kamar an fere doya, ma'aikatansa suna sunkuyar da kai don kada su fashe da dariya. Ya ce ba zai bar gashin bakin ya sake tsirowa ba sai ya ga bayan tsatsar nan. Ya sake gurzawa, wannan karon ya sa fentin ƙasa mai ruwan toka wanda ya fi na farko ƙarfi, da wani fenti da ake haɗa ruwa biyu kafin a fesa, ya yi shafi a kan shafi. Ya ɗan daɗe fiye da na farko, har na fara sakin jiki, amma da sanyi ya wuce sai ga ƙuraje sun sake tasowa a wuraren nan biyu. Ranar Isamu bai yi wasa ba. Ya ƙwanƙwasa rufin da yatsa ya ce in ji, ƙarfen ya yi siriri, gurza ɗaya ta rage masa, in aka sake kuskure rufin ya tafi, motar kuma shekarunta sun wuce a samo mata wani. Na dawo gida. Ban faɗa wa Inna ba, amma ta karanta a fuskata. Sai na ga ta daina 'yan waƙe-waƙenta a gaban tukunya, wata rana ma ta tambaye ni ko ɗakin ajiya zai ɗauki manyan tukwanen nan idan an kife su. Na shiga bayan gida na yi kuka, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Na ji haushin teku, na ji haushin Isamu, kai ma na ji haushinka.

Ka san wanda ya warware mana wannan ƙulli? Bunsuru. Ka tuna tsoho Yonamine na ƙauyen ƙarshen hanya, mai awaki, wanda kunnensa ɗaya ba ya ji. Na tsaya a gindin katangarsa ta dutse kamar kullum, ina zuba wa mata awara mai ɗumi a kwanoninsu, sai na ji dirim a kan mota. Bunsurunsa ne ya diro daga katanga ya hau rufin. Na ɗauki tsumma ina kora ina zagi, ko a jikinsa. Ya kafa kai yana lasar wurin tsatsar nan ta saman kujerata, ya gama, ya taka ya koma ta gefe ya lashe, sauran rufin ko shinshinawa bai yi ba. Mata suna ta shewa, ɗaya ta ce ko shi ma gyaran mota ya koya a Nago. Tsoho Yonamine ya dogaro sandarsa ya tsaya yana kallo, ya ce yarinya, bunsuruna ba wawa ba ne, ba ya cin fenti, gishiri yake bi. Na ɗaga murya na ce masa ai duk motar gishiri ce, iskar teku ba ta zaɓen wuri. Ya ce to shi ya sa abin ya ba shi mamaki, tunda bunsurun ya zaɓa. Na taka taya na leƙa, na shafa yatsa a wurin, sai ga ƙwayoyi manya-manya masu danshi. Na kai baki. Wannan ba feshin teku ba ne, gishirin tulunmu ne na kicin, ko a mafarki na san ɗanɗanonsa.

Ban ce wa kowa komai ba. Da gari ya waye, lokacin da na saba kasancewa a ciki ina jera awara a akwatuna, injin niƙa yana ta ƙara, sai na bar shi yana yi na laɓe a bayan taga. Can sai ga Inna ta fito tana ɗingishi, riƙe da dogon ludayin ƙarfen nan da take kwashe awara da shi. Ta jawo akwati da ƙafa, ta hau, gwiwar da take kuka da ita ko gezau. Ta yi ɗage, ta miƙa ludayin saman rufin daidai kujerata, ta juye. Gishirin yana da danshi, ba ya sauka da kansa, sai ta buga bakin ludayin a kan fenti, ƙwas ƙwas, bakinta yana motsi. Ta sauko, ta ja akwatin ta zagaya ɗaya gefen, ta sake yi, ƙwas ƙwas. Ashe ɓarawon a cikin gida yake, mu muna ta shafa wa teku kashin kaji! Ludayi yana fasa fenti, gishiri yana shiga, raɓa da rana suna ƙarasa aikin, kullum ta Allah tun ranar da na karɓi tuƙi daga hannun Baba. Wane fenti ne zai tsira? Na tsaya a bayan tagar nan ban san ko dariya zan yi ko ihu ba.

Ihun na zaɓa, ka san halina. Na fito na ce Inna, ashe ke ce kike kashe motar da kanki, kin sa bawan Allah ya aske gashin bakinsa a banza. Ko kunya ba ta ji ba. Ta sauko a hankali, ta goge ludayinta da gefen zane, ta ce da Baba yake tuƙi a kafaɗarsa take barbaɗa masa kafin ya fita don ya tsare shi daga hatsarin hanya, bai taɓa cewa uffan ba, ni kuwa da ta gwada sau ɗaya na kakkaɓe na ce tana ɓata mini riga, to ina za ta zuba in ba a saman kaina ba. Ta ce shekara nawa ina hawa hanyar nan, dutse a sama teku a ƙasa, na taɓa samun ko ƙwarzane, wa nake zaton yana wannan aikin, Isamu? Na ce to ta bari in rataya ɗan ƙunshin gishirin tsarin nan a jikin madubin mota kamar yadda kowa yake yi. Ta taɓe baki, wai wannan gishirin kanti ne da ya shekara a leda, ya gaji, ko kansa ba zai iya tsarewa ba. Na ce Inna, rufin nan gurza ɗaya ta rage masa, in ya tafi awara ta tafi, kin san alkawarin da muka yi da Yaya. Idonta ya kawo ruwa, sannan ta ce to a kife tukwanen. Ƙarfe ana sayar da shi a Nago, in ji ta, 'ya kuwa a wace kasuwa ake samunta. 

Na tafi wurin Isamu na zayyana masa komai. Ya yi dariya har ya zauna a kan taya yana riƙe da ciki, ya ce in gaya wa Inna yana binta gashin baki guda. Da ya nutsu ya ce to ai magana ta ƙare, a hana ta zubawa, shi kuma ya yi aikinsa na ƙarshe. Na ce masa ba ta hanuwa, kuma ni ma yanzu ba na so a hana ta. Na ce mun daɗe muna neman abin da zai kare rufi daga gishiri, ni yanzu abin da nake nema shi ne wanda gishiri bai dame shi ba, wanda ko buhu aka juye masa ba ruwansa. Ya kai hannu zai murza gashin baki ya tarar babu, ya yi tsaki. Daga ƙofar garejinsa ana hango mashigin ruwa, jiragen masunta suna ta lilo a cikinsa. Na nuna masa da baki na ce waɗancan fa, a cikin me suke kwana? Ya dube su, ya dube ni, ya miƙe tsaye ya ce ƙanwar Seishin, ashe duk wayon gidanku ke aka bar wa. Surukinsa gyaran jiragen kamun kifi yake yi, nan take ya kira shi.

Su biyu suka yi aikin, ni kuma na zauna a kan benci ina sa ido, domin wannan karon ban yarda da rantsuwar kowa ba. Isamu ya yi gurzarsa ta ƙarshe a hankali kamar mai aske jariri, ya kashe tsatsar, ya bar ƙarfen ya bushe sarai, domin surukin ya ce in aka rufe danshi ko ɗigo ɗaya a ƙasa an yi aikin banza. Suka shafa fentin ƙasa irin na jirgin ruwa. Sannan suka shimfiɗa wani farin ƙyalle na zaren gilashi a kan rufin gaba ɗaya har bakin magudanar ruwa, suka jiƙa shi da danko mai wari da ke daskarewa ya zama kamar ƙashi, suka bi da abin murzawa suna korar iska, suka ƙara wani ƙyallen a kai. Da ya bushe suka goge, suka rufe da farin fentin jirgi mai santsi. Kafin dankon ƙarshe ya kama, Isamu ya gina ɗan gurbi a saman rufin, kamar ƙaramin kwanon shayi, don gishiri ya samu wurin zama kada ya bi gefe ya gangara. Choei ma ya yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarsa, ya sassaƙa wa Inna dogon ludayi na itace, ta buga iya bugunta. Sharaɗi ɗaya na roƙa, ta kuma amince: idan na dawo gida lafiya da yamma gishiri ya gama aikinsa na ranar, sai in sa tiyo in wanke.

An gama a farkon daminar bana. Na ƙi rubuto maka a lokacin, na ce sai an gwada, gani ya kori ji. Damina ta zo ta yi ta zuba kamar ba za ta ɗauke ba, ko ɗigo bai taɓa ƙeyata ba. Zafi ya zo, sai na ga ashe farin rufin nan har sanyi yake sa wa cikin mota. Guguwa biyu suka bi ta kanmu, ta biyun ita ce mai tafiya da rufin rumfar kaji, ta lulluɓe garin nan da ruwan teku har ganyen itatuwa suka ƙone. Da ta wuce, kowa ya fito da tiyo da bokiti ana wanke motoci kamar yadda aka saba, ni ma na wanke tawa, na taka akwati na leƙa. Fari fat, Yaya! Ko ɗigon ja babu. A makon jiya na kai wa Isamu ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ta ciki da tocila, ya bi gefuna da farce, ya sauko ya ce wannan rufin sai ya binne mu duka. Bai yi rantsuwa ba wannan karon, wai gashin bakin bai gama tsirowa ba. Bunsurun Yonamine kuwa ya sake dirowa, santsi ya kwashe shi ya faɗo cikin kwandon kabeji, ƙauye guda aka yi ta dariya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, mai yanke hukunci daga ƙasar ƙanƙara, ina sanar da kai cewa akori-kurar Baba tana tafiya. Alkawari kai ka gindaya shi, mu kuma ba mu karya ko kara ɗaya a cikinsa ba: ba mu sayi wata ba, tsohuwar ce dai da sabuwar hula. Tukwane suna kan wuta, Inna ta koma waƙarta, har ta ƙara yawan waken da take jiƙawa, wai mutanen ƙauyen tsakiya sun yi ƙorafi ba ya isarsu. Yanzu ba a ɓoye take zuba gishirinta ba, ni nake riƙe mata akwati ta hau, tana yi tana yi mini faɗan na tsaya a karkace. Na ji daɗi, Yaya, daɗin da rabona da irinsa tun haihuwar Asami. Dariyar da ka yi mini a waya na mayar maka da ita, har da ƙari.

Abu ɗaya na ajiye maka sai ƙarshe. Ranar da Isamu zai gina gurbin gishiri, ya tambaye ni guda nawa zai yi, sai a lokacin na tuna tsatsar wuri biyu ce. Ta saman kaina na gane dalilinta, amma kujerar gefe ba mai zama a kanta sai lema da jakar canji. Da na koma gida na tambayi Inna, wa take tsarewa a can, lema? Ta ci gaba da tace wakenta ba ta dube ni ba. Ta ce wannan kujerar Seishin ce. Ta ce ranar da za ka tafi arewa neman aiki, a nan ka zauna da jakarka a cinya, Baba ya kai ka tashar jirgi, motar kujera biyu gare ta, babu wurinta, a bakin ƙofa ta tsaya har kuka sha kwana. Ta ce hannunta ba ya kaiwa Asahikawa, iyakar inda ludayinta yake kaiwa ke nan, wurin da ta gan ka na ƙarshe kafin ka zama baƙo. Tun Baba yana raye take sa maka ɗan kaɗan a ɓoye, ba kullum ba, sai da na karɓi tuƙi ta haɗa mu ta riƙa yi mana tare. Na koma na ce wa Isamu ya gina biyu.

Ka gaishe mini da Fumie da kyau, ka ce mata na gode da safar da ta saƙa wa Inna, ko da yake sai sanyi ya shigo za ta sa. Ka gaishe da Takuma da Honoka, ka ce wa Takuma kakarsa tana tambaya ko har yanzu yana ƙin cin ganye. Choei yana gaishe ka, Asami tana gaishe da kawunta, Isamu ya ce in faɗa maka raken nan kai ka fara karya, shi rakiya kawai ya yi. Inna ba ta san na rubuta maka zancen kujera ba, kada ka tona ni. Idan lokacin share kabarin kakanni ya zo da bazara, ka nemi hutu ka taho, kada ka ce mini aiki. Ni zan zo filin jirgi in ɗauke ka da kaina, zan kwashe lema da jakar canji. Kujerarka tana nan, Yaya, kuma ba ta yoyo.

Taka ƙanwa har kullum,
Michiyo